Me ya sa iyafis ɗina ke zamewa, kuma sauti ba ya fita da kyau?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a birnin Jidda na Saudiyya. Ya ce ya sayi iyafis mai tsada a kasuwar wayoyi ta titin Falasɗinu, amma kullum yana zamewa, kunnensa na ciwo, ga hayaniyar motoci tana shigowa.

To malam, galibi laifin yana ga 'yar robar bakin iyafis ɗin. Aikinta ta toshe ramin kunne tsaf. Idan ta yi ƙanƙanta, iska na shiga, sautin ganga ya raunana, ƙarar waje ta kutso. Idan ta yi girma, sai ta matse kunne har ya yi zafi. Yawanci akan haɗo ƙarama, matsakaiciya da babba a kwali, ka gwada kowacce. Kunnen dama da na hagu ma sukan bambanta.

Jidda kuwa tana bakin Bahar Maliya, ga zafi ga gumi, shi ya sa robar silikon ke santsi. Ta soso, wadda ake matsewa kafin a saka, ta fi kamawa da toshe ƙara, sai dai tana shan gumi da dauɗar kunne, dole a riƙa sauya ta.

Idan robar ta zauna daidai, ba sai ka ƙure murya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar kada su wuce awa 40 a mako suna sauraron ƙara mai ƙarfin desibel 80. Sannan in za ka tsallaka titi, ka cire ɗaya.