Darasin Yau: Yadda Ake Tankaɗe Tarihi Daga Ƙagaggen Labari

Ɗalibai, kowa ya zauna, a buɗe littafin rubutu. Makon jiya da muka gama karanta Ganɗoki, wani daga cikinku ya tare ni a kan hanya ya ce, "Malam, wai da gaske an yi wannan mutum?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin tambaya ce ta kimiyya: ba a karɓar magana sai da hujja.

Mu fara da abin da ya tabbata. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai. A nan aka samu Ganɗoki na Malam Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaƙin da Ganɗoki yake kirari a kansa an yi shi: Turawa sun ci Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Rabe, wanda labarin Shaihu Umar ya faɗo a zamaninsa, ya ci Barno a 1893, Faransawa suka kashe shi a 1900. Amma aljannun da Ganɗoki ya gamu da su, waɗannan daga tunanin marubuci suka fito.

To, da wace rariya ake raba gari da tsaki? Mu ɗauka ɗayanku zai rubuta labari a kan Gwandu; ga abubuwan da zai duba.

Na farko, rubutun waɗanda suka ga abin da idonsu. Malam Abdullahi na Gwandu ya halarci yaƙe-yaƙen jihadi, ya kuma bayyana su a Tazyinul Waraƙat, wanda ya rubuta a shekarar Hijira 1228. Ku ɗauki alƙalami, nan lissafi ya shigo. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11. Saboda haka ku ninka 1228 da 0.97, za ku samu 1191 da ɗoriya. Ku ƙara 622. Nawa ke nan? 1813. Madalla. Sai a nemi shaida ta biyu daga wanda ba ɗan gida ba. Heinrich Barth, Bajamushen da ake kira Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, a nan ma ya samu littafin Tarihus Sudan. Idan ɗan gari da baƙo suka dace a kan magana ɗaya, ta yi ƙarfi.

Na biyu, ita kanta takardar. Ku ɗaga tsohuwar takardar kundin kakanninku wajen hasken rana, a hankali, kada ta kece. Sau da yawa za ku ga tambarin jinjirin wata uku a cikin jikinta. A Italiya ake yin irinta, fatake suke ratso hamada da ita. Tambarin yana taimaka wa masana su kimanta lokacin da aka yi kwafin.

Na uku, abin da ƙasa ta binne. Gawayi ko ƙashi yana ɗauke da sinadarin kabon 14, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5,730; da shi ake auna daɗewar abu. Amma ku kula, ma'aunin ba ya fayyace abin da bai wuce shekara 200 ba. Ya fi dacewa da kufai irin na Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16.

Aikin gida: wani marubuci ya sa Sarkin Gwandu yana zaman fada a Birnin Kebbi a 1850. Ku tambayi dattawa, ku duba abin da ya faru a 1906 bayan yaƙin Satiru, ku rubuto mini inda ya yi kuskure. Ranar Litinin zan karɓa.