Yadda Ake Tafiyar da Zawiyyar Tijjaniyya a Kano: Wazifa, Karatu da Maulidi

Zawiyya ita ce wurin da mabiya ɗariƙa ke haɗuwa domin zikiri da karatu da hidimomin shekara, a ƙarƙashin jagorancin shehi ko muƙaddami. A birnin Kano, zawiyyar Tijjaniyya galibi masallaci ce da ke jingine da gidan malami, wani lokaci ma zauren gidan ne kawai, da tabarmi da butoci da kantar littattafai. Ayyukanta sun kasu bisa lokaci. Akwai na kullum, akwai na mako, akwai kuma na shekara, kuma kowanne yana dogara ne a kan wanda ya gabace shi.

Ɗariƙar ta samo asali daga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya rasu a birnin Fas na Maroko a 1815. Ta shigo ƙasar Hausa tun zaman da Shehu Umaru Futi ya yi a Sakkwato a shekarun 1830, ta sami gindin zama a Kano a zamanin Sarki Abbas, sannan ta bazu ƙwarai bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a aikin Hajjin 1937. Almajiran Malam Muhammadu Salga, irin su Shehu Tijjani Usman na Zangon Barebari da Shehu Atiku na Sanka da Shehu Sani Kafinga da Shehu Usman Maihula, su ne suka kafa manyan zawiyoyin da ƙananan zawiyoyi da yawa suka tsiro daga gare su. Tsarin da za a bayyana nan shi ne wanda akasarinsu ke bi.

Mataki na farko: karɓar ɗariƙa

Mutum ba ya fara wuridin Tijjaniyya da kansa. Sai ya je wurin muƙaddami, wato wanda ke da izinin bai wa wasu, wanda shi ma ya karɓa daga wani, har silsilar ta kai ga Shehu Ahmadu Tijjani. Kafin a ba shi, muƙaddami zai karanta masa sharuɗɗa ya tabbatar ya fahimce su. Manyan cikinsu su ne: kada ya haɗa wannan wuridi da na wata ɗariƙa, kada ya ziyarci waliyyan da ba na ɗariƙar ba da nufin neman tarbiyya ko madadi, kuma ya riƙe wuridin har ƙarshen rayuwarsa. A kan waɗannan akwai kiyaye salloli biyar a kan lokaci, cikin jam'i idan da hali, da biyayya ga iyaye, da sada zumunci. Idan ya amince, sai muƙaddami ya yi masa izini, ya koya masa adadi da lokaci. Daga nan ya zama muridi, 'yan zawiyya kuma su kira shi ɗan'uwa.

Mataki na biyu: lazimi da wazifa

Aikin farko da ke kan muridi shi ne lazimi, wanda kowa ke yi shi kaɗai, a asirce, sau biyu a rana. Na safe yana farawa daga bayan sallar Asuba zuwa hantsi, na yamma kuma daga bayan La'asar zuwa Isha'i. Mai yin sa zai kasance da alwala, da tufafi masu tsarki, a wuri mai tsarki, ya fuskanci alƙibla, ya yi niyya. Sai ya ja istigfari ƙafa 100, salatin Annabi (SAW) ƙafa 100, da hailala ƙafa 100, a jere ba tare da sauya tsarin ba. Ba a magana a tsakiya sai bisa larura. Wanda lokaci ya kuɓuce masa zai rama.

Wazifa kuwa ita ce ke tara jama'a, domin inda akwai 'yan'uwa a gari, cikin jam'i ake yin ta. Sau ɗaya a rana ya wadatar. Wasu zawiyoyi suna yin ta bayan Asuba, wasu bayan Magariba, gwargwadon lokacin da 'yan kasuwa da ma'aikata za su iya halarta. Da an sallame salla sai jama'a su zauna a da'ira ko a sahu, gwiwa na taɓa gwiwa, ba a barin giɓi. Mai jan wazifa zai buɗe da neman tsari da Fatiha, sannan a ja istigfari ƙafa 30, Salatul Fatihi ƙafa 50, hailala ƙafa 100, a rufe da Jauharatul Kamali ƙafa 12. Ana karantawa da murya ɗaya, wani ba ya riga wani.

Kafin a shiga Jauhara akan shimfiɗa farin ƙyalle mai tsarki a tsakiyar da'ira, domin girmama wannan salati da tabbatar da tsarkin wurin. Jauhara ba a karanta ta sai da alwalar ruwa. Wanda ya yi taimama sai ya ja Salatul Fatihi ƙafa 20 a madadinta. Wanda ya makara zai shiga daga inda ya tarar, idan an gama ya cika abin da ya wuce shi. A ƙarshe shehi ko wanda ya wakilta ya yi addu'a, a shafa, a yi musafaha. A nan ne ake jin labarin juna: wane ba shi da lafiya, an yi wa wane haihuwa, wane ya yi rashi. Daga zawiyya ake ɗunguma zuwa dubiya ko suna ko ta'aziyya.

Mataki na uku: zikirin Juma'a

Taron mako shi ne zikirin Juma'a, wanda ake yi bayan La'asar har rana ta faɗi. Wannan ya fi wazifar kullum cika, saboda ƙananan zawiyoyi kan rufe su tafi babbar zawiyyar shehinsu, har a shimfiɗa tabarmi a kan titi. Abin da ake ja shi ne hailala, da murya sama, cikin jam'i, daga baya a koma ambaton sunan Allah shi kaɗai. Ba a kiɗa a cikinsa. Mawaƙan zawiyya kan rera baitocin yabon Annabi (SAW) a tsakanin zikirin domin ƙara wa jama'a kuzari. Wanda ba shi da halin zuwa jam'i zai ja nasa a gida, aƙalla ƙafa 1000. Zikirin Juma'a ba shi da ramuwa, shi ya sa muridai ke rufe shaguna su bar harkokinsu domin kada ya wuce su. Da an kira Magariba sai a tsaya, a yi salla.

Mataki na huɗu: karatu

Zawiyyar da ba a karatu a cikinta ba ta cika ba, domin wuridi ba ya inganta sai an san hukuncin tsarki da salla. Yara suna farawa da allo ko Islamiyya, manya kuma suna zama gaban malam a karatun zaure. Lokutansa su ne bayan Asuba zuwa hantsi, da bayan La'asar, da tsakanin Magariba da Isha'i.

Tsarinsa shi ne kowa da littafinsa. Ɗalibi zai matso gaban malam, ya buɗe inda ya tsaya jiya, ya karanta Larabcin gaɓa gaɓa, malam yana fassara masa da Hausa yana warware mas'ala. Idan ya ɗauki gwargwadon abin da zai iya riƙewa sai ya ja baya, na gaba ya matso. Sauran suna zaune suna sauraro, don haka mai ƙaramin littafi yana tsintar na manya, mai babban littafi kuma yana tuna na baya.

A fiƙihu ana bin mazhabar Imamu Malik daga ƙasa zuwa sama: Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala ta Ibnu Abi Zaid, Askari, har zuwa Muhtasar na Halil. A nahawu ana fara da Ajuruma a kai ga Alfiyyar Ibnu Malik. A hadisi akwai Arba'una ta Nawawi da Muwaɗɗa. Bayan ɗalibi ya yi ƙwari a waɗannan ne ake buɗe masa littattafan ɗariƙa, irin su Jawahirul Ma'ani na Sidi Ali Harazimi, da Rimahu na Shehu Umaru Futi, da Kashiful Ilbasi na Shehu Ibrahim Inyass. Wanda ya sauke littafi yakan yi sadaka a yi masa addu'a, wanda kuma ya ƙware malam ya ba shi ijaza ya je ya karantar. Daga cikin irin waɗannan ɗalibai ake zaɓen muƙaddamai, su koma unguwanninsu ko garuruwansu su buɗe sababbin zawiyoyi.

Mataki na biyar: shirin Maulidi

Babban taron shekara shi ne Maulidin Annabi (SAW) a watan Rabi'ul Awwal. Shirinsa yana farawa tun cikin Safar. Da farko dattawan zawiyya za su zauna da shehi su tsayar da rana. Daren 12 ga wata shi ne asali, amma da yake zawiyoyi suna da yawa kuma suna halartar na juna, kowace takan riƙe nata dare, har tarukan su cika watan su shiga na gaba.

Bayan tsayar da rana sai a raba aiki. Akwai masu tara gudunmawa, inda kowa ke ba da abin da ya sawwaƙa: wani kuɗi, wani buhun shinkafa, wani rago ko sa, wani kuma ƙarfinsa. Akwai masu kai goron gayyata ga malamai da sauran zawiyoyi da masu sarauta, da masu sanar da mai unguwa da jami'an tsaro idan za a rufe hanya. Matasa su ke share fili, su kafa rumfuna, su ɗaura lasifika da fitilu, su tanadi janareta da ruwan alwala. Mata su ke riƙe da girki, kuma tun jajibiri ake ɗora manyan tukwane na shinkafa da tuwo da miya, a soya waina, a dama kunu. Baƙin da suka zo daga nesa ana rarraba su gidajen 'yan'uwa, domin ba a barin baƙon Maulidi ya kwana da yunwa ko ya rasa masauki. Tun daga ganin wata kuma ake fara karatun Ashafa ta Alƙali Iyal da Ishiriniya da Burda a kowane dare, don a shiga ranar da zukata a shirye.

Mataki na shida: daren Maulidi

Ana zama bayan Isha'i. Malamai da manyan baƙi suna gaba, muridai a bayansu, mata a nasu ɓangare. Ana buɗewa da karatun Alƙur'ani da addu'a. Daga nan ɗaliban Islamiyya su fito cikin anko su yi karatu da ƙasidu da jawabai da Larabci da Hausa, iyaye suna yi musu kyauta. Sai sha'irai su karɓa da bege, wasu daga Diwanin Shehu Ibrahim, wasu daga waƙoƙinsu na Hausa.

Zuciyar taron ita ce karatun tarihin Annabi (SAW). Malamin da aka ɗora wa wannan aiki zai bi shi daki daki: nasabarsa, haihuwarsa a Makka ranar Litinin a shekarar giwa, shayarwar Halimatus Sa'adiyya, rasuwar mahaifiyarsa Amina, riƙon kakansa Abdul Muɗɗalib da baffansa Abu Ɗalib, aurensa da Nana Khadija, saukar wahayi yana ɗan shekara 40, hijira zuwa Madina, sannan siffofinsa da halayensa. A zawiyoyi da dama, idan aka zo ambaton haihuwa jama'a kan miƙe tsaye suna salati. Malami nagari ba ya tsayawa a labari kawai, yana ɗaure kowane babi da aiki: gaskiya a ciniki, haƙƙin maƙwabci, riƙon maraya, kyautata wa iyali. Ana raba abinci da shayi a tsakiyar dare, a ci gaba har kusan Asuba, shehi ya rufe da addu'a ga mahalarta da magabata da ƙasa.

Da gari ya waye makarantu kan fita zagaye da tutoci. Gwamnatocin Nijeriya da Nijar suna ba da hutun Maulidi. A Kano, mako guda bayan 12 ga wata ake bikin Takutaha, wadda ake ɗauka a matsayin ranar sunan Annabi (SAW), inda jama'a ke zagaya gari wasu su hau dutsen Dala. Aikin zawiyya na ƙarshe shi ne kwashe rumfuna, share fili, mayar da kayan aro, da karanta wa dattawa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe.

Sauran lokutan shekara

A watan Rajab ana Maulidin Shehu Ibrahim Inyass, wanda aka haifa a 1900 ya rasu a 1975, kuma taron ƙasa na wannan Maulidi yana zagayawa daga wannan birni zuwa wancan. A Ramadan akan jingine yawancin littattafai a koma tafsiri, galibi da Jalalaini, mai jan baƙi yana karanta aya malam yana fassara, tare da Ashafa da tahajjudi a goman ƙarshe. Bayan sallar Idi muridai kan kai wa shehinsu gaisuwar salla. Masu hali kuma suna tafiya ziyara Kaulaha a Senegal ko Fas, wasu su halarci Maulidin Kiota a jihar Dosso ta Nijar.

Ba dukan Musulmin Kano ne suka yarda da waɗannan ayyuka ba. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana ganin wuridin ɗariƙa da Maulidi ba su da asali a Sunna, malaman ɗariƙa kuma sun rubuta littattafai suna kafa hujjojinsu. Wannan muhawara ta sa zawiyoyi da yawa sun ƙara ba da ƙarfi ga hadisi da buɗe makarantun Islamiyya na zamani.

Dattawan ɗariƙa ba sa auna ƙarfin zawiyya da yawan mutanen da suka cika fili a daren Maulidi. Abin da suke dubawa shi ne yawan waɗanda ke zaman wazifa kullum, da yawan ɗaliban da ke sauke littafi a gaban malam, domin waɗannan su ne ke riƙe zawiyya bayan rasuwar wanda ya kafa ta.