Sabuwar bindigar farautarka tana watsa harsashi? Ga abin da za ka duba

Ka tara kuɗi, ka sami lasisi, ka sayi bindigar farauta mai sakata, irin wadda ake ja da hannu bayan kowane harbi: Tikka ce, ko Ruger American, ko Remington 700. Ka je filin gwaji, harsashi ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma. Kada ka yi saurin mayar wa mai shago. Galibi ba bututun ne da laifi ba. Matsalar tana wajen noti, ko madubin saiti, ko harsashi, ko kuma, ka yi haƙuri, kai kanka.

Ƙa'idar aikin guda ce: canza abu ɗaya, ka harba, ka rubuta sakamakon. In ka taɓa abu uku lokaci guda, ba za ka san wanne ya gyara ba.

1. Gobe da safe, kafin komai, cire harsasai, ka zare sakatar, ka leƙa ka tabbatar babu komai a ciki. Sannan ka goge bututun. Sabuwar bindiga takan zo da man hana tsatsa daga kamfani. Ka tura sandar gogewa ta baya, ba ta baki ba, domin ƙaramin rauni a bakin bututu ya isa ya karkatar da harsashi.

2. Duba notuna, nan ne aka fi kama ɓarawon. Akwai waɗanda suka haɗa ƙarfen bindigar da ƙotarta, akwai na gindin madubi, akwai na zoben da ke riƙe da madubin. Ɗaya in ya yi sako-sako, kowane harbi sai ya ɗan gusa, saiti ya tafi. Amma kada ka ɗaure da ƙarfin tsiya. Zoben da aka matse fiye da kima yana lotsa jikin madubi, ya lalata abin da ke ciki. Nemi sukudireba mai auna ƙarfin ɗauri, ka bi adadin da kamfani ya rubuta a littafin bindigar da na zoben. Ɗaurin "na ji ya kama" ba awo ba ne.

3. Ɗauki takardar kuɗi, ka zura ta tsakanin bututu da ƙota, ka ja ta baya. Yawancin bindigogin zamani an yi su ne yadda bututun ba zai taɓa ƙota ba. In takardar ta maƙale a wani wuri, to akwai inda suke gugar juna. An fi ganin haka a ƙotar roba mai arha, da ta katako idan damina ta sa ta kumbura.

4. Zauna a teburi, ka ɗora gaban ƙotar a kan buhun yashi, wani ƙaramin buhun a baya. Bututun kansa kada ya taɓa komai. Harbi a tsaye ko a kan bonet ɗin mota ba gwaji ba ne.

5. Harba uku, ka dakata. Bututun bindigar farauta siriri ne, yana saurin zafi, kuma da ya yi zafi sai harsasai su fara hawa sama a jere. In ba ka iya riƙe shi da hannu, ajiye ta a inuwa ta huce. Bar juya maɓallan madubi tukuna. Yanzu so muke harsasan su taru wuri ɗaya, ko ina ne a jikin takarda. Tsakiya sai daga baya.

6. Canza harsashi. Kowace bindiga da abincinta. Mai cin .308 Winchester, misali, wata ta fi son mai nauyin giren 150, wata 165, wata 180. Sayi kwali biyu ko uku na kamfanoni daban, ka gwada kowanne a kan takardarsa.

7. Yanzu saura kai. Mai tsoron shurin bindiga yakan runtse ido ya fizgi kunama kafin harbi ya tashi, bai ma sani ba. Sa abin toshe kunne mai kyau, ka matsa kunamar a hankali. Hanya mafi sauri ita ce ka miƙa wa gwani ya harba uku. In nasa sun taru, ka san inda gyara yake.

8. Har yanzu shiru? Ari madubin da aka san lafiyarsa ka ɗaura. Sabon madubi ma yakan zo da cuta.

Ka kuma san abin da kake nema. Ma'aunin da 'yan harbi ke yabo shi ne harsasai su taru cikin inci ɗaya a yadi 100, kusan santimita 3 a mita 100. Bindigar da ke yin santimita 4 a wannan nisa ta wadatar da mafarauci, kada ka tayar da hankalinka.

In ka bi duk wannan amma tana watsawa kamar tafin hannu, tattara takardun gwajinka da sunan harsashin da ka yi amfani da shi, ka kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ko dillalin da ya sayar maka. Kada ka sa mata zarto ko guduma da kanka, domin hakan na iya soke garantinka.