Zuwa ga 'Ya'yana Ɗalibai, Kan Injin da Ke Amsa Lissafi



Na ga da yawanku sun gano Wolfram Alpha a wayoyinsu, kuma ba hana ku zan yi ba, don abu ne mai amfani ƙwarai. Stephen Wolfram, masanin kimiyya haifaffen Landan, shi ya fito da shi a watan Mayun 2009, ya gina shi a kan manhajarsa ta lissafi mai suna Mathematica wadda ta fito tun 1988. Ba kamar Google yake ba, da zai jero maka shafuka ya ce ka je ka nema. Shi lissafin yake yi da kansa. Ka rubuta masa x² − 5x + 6 = 0, nan take ya ba ka 2 da 3, har da zanen yadda layin ya lanƙwasa.

Roƙona ɗaya ne: biro da takarda su riga shi. Ka yi aikin da hannunka har ka gama, ko ka kai inda ka maƙale, sannan ka tambaye shi. In amsarku ta zo ɗaya, madalla. In ta saɓa, to a nan karatun yake, sai ka bi sahun aikinka layi-layi har ka gano inda alamar ragewa ta suɓuce maka. Kuma ko shi ya ba ka amsa, ka mayar da ita cikin tambayar ka gani: 2 sau 2 huɗu, a cire 10, a ƙara 6, ya zama sifili. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO ba za a bar ka da waya ba, abin da hannunka ya saba kaɗai zai bi ka cikin aji.

Ana cewa matambayi ba ya ɓata, amma sai in an fahimci tambayarsa. A saman kowace amsa, injin yakan nuna yadda ya fahimci abin da ka rubuta, kuma wannan layin ne yawancinku kuke tsallakewa. Kada ku tsallake shi. Ka rubuta 1/2x, kana nufin rabin x ne, ko ɗaya bisa 2x? Ka sa baka-biyu don ka raba gardama. Haka sin 30: in digiri ne amsar 0.5 ce, in radiyan ne kuwa kusan −0.988 ce. Duka biyun daidai ne, amma ɗaya ce kawai ta dace da abin da malaminka ya tambaya.

Ku ƙara hattara idan tambayar ta bar lissafi ta koma alƙaluman duniya. Saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, bai canza ba. Yawan mutanen Kano kuwa wata magana ce daban. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a Nijeriya ta 2006 ce, wadda ta ba Jihar Kano wajen miliyan 9.4, duk adadin da ka gani na bayan wannan shekarar ƙiyasi ne. Don haka ka duba shekarar da aka rubuta kusa da adadin, ka sa ta cikin aikinka.

Ina so kuma ku cire tunanin cewa lissafi baƙo ne a wurinmu. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi da Larabci kan murabba'an lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Da tawada da alƙalami ya yi wannan aiki.

Gobe in an ba ku aikin gida, ku zaɓi tambayoyi uku ku yi su kaf ba tare da waya ba, sannan ku gwada su da injin. Wadda ta saɓa, ku kai wa malaminku da takardar da kuka yi aikin a kanta, ba hoton amsar ba.

Allah Ya yi muku albarka.