Me Ya Sa Turawa Suka Koma Ga Tsofaffin Kayan Kiɗa?

Mai sauraronmu daga Garki, Abuja, mun gode da tambayarka. Kiɗan Barok na Turai ya yi tashe tsakanin 1600 da 1750. A lokacin, a Salzburg ta ƙasar Ostiriya, makaɗi Heinrich Biber ya tsara wa babban cocin birnin kiɗe-kiɗe, kuma yau makaɗa suna raya su da irin kayan wancan zamani: tsarkiyar hanjin tumaki, da dogon ƙahon tagulla wanda leɓe da numfashi kaɗai ke juya muryarsa. Dalilinsu shi ne kayan zamani suna sauya amon kiɗan. Gaskiyarsu kuwa, domin mu ma a nan piyano ba ya maye gurbin kakaki. Malam, idan sallah ta zo, leƙa fadar Suleja ka saurari kakaki da algaita da kunnenka.