Man Shanu Mai Gishiri Ko Marar Gishiri: Wanne Za Mu Sa A Kek Da Burodi?

'Yan'uwa, ƙungiyoyinmu da dama sun soma gasa kek da biskit da burodi domin sayarwa, musamman in Kirsimeti ya gabato. Fulawa da sukari da ƙwai suna da tsada, in kwaɓi ɗaya ya lalace kuwa, kuɗin jama'a ne ya tafi. Saboda haka darasinmu na wannan wata a kan mai ne, da gishirin da ke cikinsa.

Mu fara rarrabe abin da muke saye. Akwai ɗanyen man shanu da matan Fulani ke kawowa a ƙwarya, wannan ba gishiri a ciki. Akwai man shanu na kanti a takarda, wani da gishiri, wani babu, an rubuta a jiki. Sa'an nan ga abin da muke kira bota a kasuwa, irin su Blue Band. Wannan ba daga nono ya fito ba, da man tsiro aka yi shi, yawancinsa kuwa da gishiri.

Don me ake sa gishirin? Domin man ya jima bai ɓaci ba. Man shanu na kanti, wajen kashi 80 cikin 100 mai ne, sauran yawanci ruwa ne, a cikin ruwan nan kuwa ƙwayoyin da ke ɓata shi suke zama. Gishiri yana hana su yaɗuwa. Amma fa kowane kamfani da nasa awo. A ƙunshi mai giram 250 akan sami gishiri kamar giram 4 zuwa 5, wato cokalin shayi ɗaya da bai cika ba. Mai gashi ba ta ganinsa, sai ta ƙara nata a kai kamar yadda ta saba.

A burodi wannan ba abin damuwa ba ne. Kilo ɗaya na fulawa yana bukatar gishiri kamar cokalin shayi 3 a shafe, man da ake sawa kuwa kaɗan ne, gishirinsa bai kai ya hana yis aiki ba. A sa wanda ya samu.

Kek shi ne inda maganar take. A kek na sosai nauyin mai yakan yi daidai da na fulawa, gishirin da ake so kuwa ɗan taɓawa ne kawai. In man ya zo da nasa, aka kuma ƙara wani, sai zaƙin ya dushe, mai saye ya ci sau ɗaya, ba ya komowa. Mu a ganinmu marar gishiri ya fi, gama hannunki ne ke awon, kek na yau zai yi daidai da na mako mai zuwa. In ba a sami kome ba sai mai gishiri, to, ga kowane giram 250 a rage rabin cokalin shayi daga gishirin da aka saba sawa. In dā ma bai wuce haka ba, kada a sa ko kaɗan.

Yanzu sai man ƙwarya, wanda ya fi kusa da mu. Ba shi da gishiri, amma yana da nono mai tsami a jikinsa, ruwansa kuma ba awo. Lalle a wanke shi. A zuba ruwan da aka tafasa ya huce sarai, a yi ta dannawa da ludayi, a tsiyaye, a sake, har ruwan ya fita garau. A matse shi da kyau, kana a auna. A yi aiki da shi ran nan ko kashegari, gama marar gishiri ba ya jimre zafi inda ba firji.

Ga wata dabara. Nono yakan yi yawa da damina, Kirsimeti kuwa sai rani ya shigo, man ya yi wuya. Ƙungiya tana iya saye da wuri ta soya, ta tace, ta rufe cikin kwalabe busassu, zai kai watanni. Sai dai kada a sa albasa kamar na miya, ba wanda ke son kek mai warin albasa. Tun da ruwansa ya ƙone, inda aka ce giram 250 a sa 200 na soyayye da madara babban cokali 3. Ya fi kyau ga biskit da cincin. Kek ɗinsa yakan ɗan yi nauyi, gama ba ya kama iska sosai in an buga shi da sukari.

A taronku na gaba ku raba kwaɓi ƙarami kashi biyu, ɗaya da mai gishiri, ɗaya da wankakken man ƙwarya. Ku ba mutum biyar su ɗanɗana ba tare da kun gaya musu wanne ne wanne ba, magatakarda ya rubuta abin da suka ce da kuɗin da kowanne ya ci.