Yadda Jirgin Hayaƙi Ya Raya Garin Birkenhed

A yammacin ƙasar Ingila akwai wani kogi da ake kira Marsi. A gaɓarsa ta gabas birnin Libaful yake, babbar tashar jiragen ruwa, a ƙetarensa kuma akwai garin Birkenhed. Labarin wannan gari ya isa mu tsaya mu duba, domin yana nuna mana yadda sana'a guda takan jawo wata, har daji ya zama birni.

A shekarar 1801 Birkenhed ƙauye ne, mutanensa 110 kacal. Dalili kuwa shi ne, ƙetare kogin da wuya, gama jirgin dā sai da iska ko filafili. In iska ta ƙi, sai matafiyi ya zauna jira. A 1817 aka fara fito da jirgin hayaƙi. Ga yadda aikinsa yake: ana hura wutar kwal ƙarƙashin wata babbar tukunyar ƙarfe, ruwa ya tafasa, tururinsa ya tura wani sandan ƙarfe, sandan ya juya gargare biyu masu filafilai da ke gefen jirgin. Da haka jirgi ya daina jiran iska.

To, tukunyar nan sai da maƙeri. A 1824 wani mutumin Sikotlan, William Laird, ya kafa maƙera a bakin ruwan Birkenhed don ƙera tukwanen tururi. Ɗansa John ya lura cewa hannun da ya iya lanƙwasa farantin ƙarfe ya ɗinke shi da ƙusa ya yi tukunya, zai iya yin cikin jirgi ma. A 1829 suka ƙera jirginsu na farko na ƙarfe, a zamanin da jama'a da yawa ke tsammani ƙarfe nutsewa zai yi. Jirage suka yawaita, sai da wurin tsayawa da ɗakunan ajiye kaya, aka buɗe tasoshi a 1847. Maƙera da masassaƙa da 'yan dako suka yi ta kwararowa, har a 1851 mutanen garin suka haura 24,000.

Kada mai karatu ya ce mene ne ruwanmu da wannan. William yana da wani ɗa, Macgregor Laird. Da ya ji labari Richard Lander ya bi Kwara har inda ta faɗa teku a 1830, sai ya shirya jiragen hayaƙi biyu, suka tashi daga Libaful a 1832 neman ciniki. Ɗayansu na ƙarfe ne, an sa masa suna Alburkah, watau kalmar nan tamu, albarka. A 1833 ya hau kogi har Raba ta ƙasar Nufe. Amma tafiyar ba ta yi albarkar sunanta ba, don cikin Turawa 48 da suka taso, 9 kaɗai suka rayu, zazzaɓi ya ci yawancinsu.

Macgregor bai fid da rai ba. A 1854 ya aiko da wani jirgi, Pleiad, ƙirar Birkenhed, Likita Baikie ya hau Binuwai da shi. Wannan karo suna shan kwini kullum, ba wanda ya mutu. Daga nan hanya ta buɗe. Jiragen kamfanoni suka biyo baya suna sayen manja, bayan ciniki kuwa mulki ya biyo, har a 1900 aka kafa tutar Ingila a Lokoja.

Saboda haka, mu da za mu koyar da yara, in mun zo kan tarihin ƙasarmu, ya kamata mu fara musu tun daga maƙerar nan. Su sani cewa kogin da kakanninmu suka daɗe suna bi da kwalekwale ya koma hannun waɗanda suka san sirrin ƙarfe da tururi, su kuma daina raina sana'ar hannu.